Mu 'Yan Farautar Tasha

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma za mu yi magana ne a kan wata sana'armu da ba ta taɓa kawo mana ko sisi ba: farautar tashoshin FM.

Mu biyar ne, duk 'yan Kano ta Kudu: biyu daga Bebeji, sai ɗaya-ɗaya daga Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Rediyo Kchibo mai batir biyu, ko ƙaramar waya mai madannai wadda igiyar iyafis ɗinta ce eriya, sai littafin makaranta da muke rubuta rana da lokaci da mita da wurin da aka tsaya. Dokarmu ɗaya ce: tasha ba ta shiga littafi sai an ji ta faɗi sunanta da bakinta. Wanda kuwa ya kunno ta intanet ya ce ya kama, wannan kifin kasuwa ya sayo ya rataya a ƙugiya.

Ɗan birni zai yi mamakin wai har tasha ake farauta. Shi yana murɗawa za su yi ta turereniya a kunnensa: Dala a 88.5, Rediyo Kano a 89.3, Arewa a 93.1, Rahama a 97.3, Freedom a 99.5. Mu ma nan Bebeji da Kiru ba mu da ƙorafi, su Freedom tangaran suke, Pyramid kuwa da ke Madobi a 103.5 maƙwabciya ce. Amma bi hanyar Jos daga Kwanar Dangora da rediyo a hannu. Kafin ka wuce Tudun Wada ƙananan tashoshin sun soma shuu, kana kutsawa dajin Falgore za su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan rakiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Siginar FM, wadda ke tsakanin 87.5 da 108, miƙe take tafiya kamar hasken tocila. Doron ƙasa yana lanƙwasawa, ita ba ta cika binsa ba, dutse kuma tare ta yake yi. Ba haka gajeren zango yake ba, wanda ke hawa sama ya bugi wani rufi na sararin samaniya ya dawo ƙasa. Shi ya sa kakanninmu suka sha BBC Hausa tun 1957 a ƙauyukan da ko kwalta ba ta je ba. A FM tudu shi ne jari. To mu kuma Allah Ya ba mu duwatsun Riruwai.

Abokinmu na Doguwa shi ne sarkin littafi, kuma ba don ya fi mu iya murɗi ba. Idan ya hau dutse ya juya eriya kudu, Jos ce ke amsawa, don ita ma a kan tsauni take, sama da mita 1,200: Peace FM a 90.5, Highland a 101.5. Ya karkata gabas, ya taɓa samun Globe FM ta Bauchi a 98.5. Na Kiru kuma Zariya yake leƙe, Queen FM a 94.1, ran da sama ta yi kyau har Karama ta Kaduna a 92.1. Mu na Bebeji da farko hassada muka yi, sai muka gano namu rabon yana bakin ruwan Tiga, inda babu abin da ke tare hanya.

Lokacin farauta shi ne hunturu, daga asuba zuwa fitowar rana. Da dare ƙasa takan huce, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta, sai wannan shimfiɗar ta lanƙwaso siginar ta bi da ita nesa fiye da yadda ta saba. Tashar da ka shekara ba ka ji ba sai ka ji ta rangaɗa sallama kamar tana bayan ɗakinka. Hantsi na dubawa ta tafi. Kuma FM ba ta zama da kishiya: in tasha biyu suka haɗu a mita ɗaya, mai ƙarfi ce ke danne ɗaya gaba ɗaya. Wani lokacin taku uku kawai za ka yi, ko ka kwantar da eriyar, sai a yi juyin mulki.

Ga mai son gwadawa: eriya ta kai kimanin santimita 75 ta wadatar, tsawo fiye da haka ba lallai ya ƙara komai ba. Ɗaga ta sama ya fi tsawaita ta. A nisanci janareto da cajar waya da ƙwan fitila mai arha, duk suna zuba ƙara. Wayar da aka ɗaura a kan gora kuma a sauke ta kafin hadarin damina, tsawa ba ta san wasa ba.

Abin da ya riƙe mu a harkar nan ya wuce lissafin maki. A zama ɗaya za ka ji Hausa kala uku. Mai gabatarwa a Kano ya ce motar gwamna, na Jos ya ce motan gwamna ko a jikinsa, Bazazzagi ya ja tasa muryar. Za ka ji farashin masara a kasuwar da ba ka taɓa zuwa ba, da gaisuwar mutanen da ba za ka taɓa gani ba, suna ambaton ƙauyukansu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda iyayenmu suka yi a Zaɓi Sonka na Rediyo Kaduna.

Akwai kuma gefen da ba na dariya ba. Abin da muke kira wasa, ga manomin bayan Falgore shi ne hanyar jin labari. Tun da aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu a 1992, kuma Freedom ta fara a Kano a 2003, siyasar jihar nan da sanarwarta da koke-kokenta duk sun koma FM, tashoshin kuma sun taru a birni da kewayensa. Mutumin da ke ƙarƙashin dutse a Doguwa sai ya wayi gari ya san abin da ake ciki a Filato, amma sanarwar rabon taki ta jiharsa sai dai direba ya kawo masa. Masu cewa ai akwai intanet, su fara tambayar kuɗin data da kuma inda sabis yake. Batir biyu kan yi makonni. A ganinmu, 'yar tasha ɗaya a kan tudun Riruwai, ko na'urar da za ta karɓo ta birni ta sake watsawa, za ta yi wa yankin nan aikin da wata ƙarin tasha a cikin Kano ba za ta yi ba, ko da mu za ta ɓata wa farauta, don mai ƙarfi a kusa takan rufe na nesa da ke gefenta.

Yanzu dai muna jiran sanyi ya kankama. Mun yi alkawarin kwana a Riruwai mu biyar, kowa da rediyonsa da bargonsa. Akwai shari'ar da ba a yanke ba tun bara: na Kiru ya rantse ya ji Faransanci da asuba wajen ƙarshen mita, ya ce daga Nijar ne. Tashar ba ta faɗi sunanta ba kafin ta nutse, don haka ba a ba shi maki ba, har yau kuma yana fushi. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da ke zauren nan, ku rubuto mana mitocin tashoshinku a ƙasa, mu san inda za mu ɗana tarko.