Abin Da Hula Ta Ɓoye

Wanzamin unguwarmu ne ya fara gaya mini. A hutun ƙarshen shekarata ta farko a jami'a, cikin 2022, na koma gida Rafin Guza, na je gindin mangwaron da yake zama ba nisa da hanyar da masu lambu ke bi zuwa bakin kogin Kaduna. Wannan dattijo shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, saboda haka ya san kaina fiye da yadda ni na san shi. Ya karkata kan nan hagu, ya karkata shi dama, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ɗan Malam, ashe kai ma ka kama hanyar kawunnanka." Na ce, "Wace hanya, Baba?" Bai amsa ba, sai ya ɗora yatsa a kan goshina ta gefe, ya ja shi baya kamar mai shata iyakar gona. Shekarata ashirin da biyu a lokacin.

Mai karatu, in kana cikin waɗanda Allah ya yi wa baiwar suma, na san za ka ce wannan ai ba abin ɗaga hankali ba ne, ana ta mutuwa wa yake ta gashi. Gaskiyarka. Amma fa ni daren nan ban yi barci ba. Na ari ƙaramin madubin Inna na haɗa da na bango, na haska fitilar waya a tsakar kaina, sai ga fata tana leƙowa ta tsakanin gashi kamar ƙasa a gonar da shuka ba ta kama ba. Abin da ya daɗa tsananta lamarin kuwa shi ne a wannan hutun ne na fara zuwa zance wurin wata yarinya a Kawo, wadda tun muna makarantar Islamiyya nake jin nauyin yi mata magana.

Da gari ya waye na kai kuka wurin kakata ta wajen uwa, ita kuwa ta samu abin wasa. Ta ce, "Kai maigida, tun ban fita daga gidanka ba ka tsufa? To ka gado kakanka, shi ma ranar da aka kai ni ɗakinsa ya cire hula na ɗauka ƙwarya ce aka kife." Ta ƙara da cewa sanƙo alamar arziki ne. Na dubi kawunnaina uku, dukansu masu sanƙo, ɗaya direba, ɗaya tela, ɗaya malamin firamare, na ga dai arzikin bai iso ba tukuna. Abokaina su ma kowa da tasa fatawar. Wani ya ce yawan sa hula ne, wani ya ce yawan karatu ne yake ƙona gashi daga ciki, wani ya ce tallan rake da na yi ina yaro ne ya murje mini kai. Ni kuwa na rungumi hula, zanna bukar da rana, hular sanyi da dare, har a ɗakin kwanan ɗalibai aka sa mini suna Sarkin Hula.

Aka yi haka har wata Talata ina dawowa daga kasuwa, na tarar da wata tsohuwar mota a bakin titi, an ɗaura mata lasifika, mai ita yana ta zuba. Maganinsa ɗaya ne, amma yana kashe basir, yana korar shawara, yana kuma tsirar da gashi ko a kan gwiwa. Ya nuna hotuna biyu, na kafin da na bayan, kuma sai daga baya na tuna cewa kunnuwan mutanen biyu ma ba iri ɗaya ba ne. Na zaro naira dubu takwas daga cikin kuɗin guzurin da mahaifina ya haɗa mini na komawa makaranta, na karɓi kwalba biyu. Babu suna a jikinsu, babu lambar hukumar NAFDAC. Ni ɗalibin jami'a, mai gyara wa mutane Turanci, ban tambayi ko me ke ciki ba. Daren farko na ji zafi, na ce magani ne yake aiki. Dare na uku fatar ta tashi, ta yi bororo, ruwa yana tsatstsafowa, matashin kaina ya manne da ƙeyata. Garin neman gira na tashi rasa ido.

Likitan fata da aka kai ni wurinsa bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya wanke, ya rubuta magani, sa'an nan ya ce in zauna. Ya ce da farko in sani ba kowace zubewar gashi ce sanƙo ba. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kowane ɗaya yana yin shekara biyu zuwa shida yana tsawo, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa, saboda haka zubar gashi 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Akwai makero da ke cin kan yara, maganinsa na sha ne, kuma yana warkewa. Akwai zubewar da ke biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ko haihuwa ko ƙarancin jini, wadda takan tsaya da kanta in jiki ya murmure. Akwai ta mata masu ɗaure kitso tamau har gaban goshi ya cinye. Nawa kuwa, in ji shi, ba ya cikin waɗannan. Ya jawo wata takarda mai zanen kawuna, ma'aunin da wani likita Ba'amurke mai suna Norwood ya tsara a 1975, mataki bakwai daga cikakkiyar suma zuwa kan da ba abin da ya rage sai zagayen ƙeya. Ya ɗora biro a kan na uku. Na dubi na bakwai, sai na ga kawuna tela sak.

Da na koma makaranta na shiga laburare na bi diddigin abin da ya faɗa mini, na tarar labarin ya fi yadda na zata daɗi. Tun zamanin Aristotil mutanen Girka sun lura cewa babanni, watau mazan da aka dandaƙe irin waɗanda a da ake ajiyewa a gidajen sarauta har a ƙasar Hausa, ba sa yin sanƙo. Ba a gane dalili ba sai a 1942, lokacin da wani masani a Amurka, James Hamilton, ya binciki irin waɗannan mutane. Ya ga wanda aka dandaƙe kafin ya balaga gashinsa ba ya zubewa, amma in aka yi masa allurar sinadarin mazakuta, wanda ake kira testostiron, kuma akwai sanƙo a danginsa, sai gashin ya soma tafiya. In babu a dangi, ko an yi allurar ba abin da ke faruwa. Ashe abu biyu ne suke haɗuwa, gado da sinadari. Daga baya aka gano cewa jiki yana juya wani kaso na testostiron zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT, shi ne yake matse saiwar gashin goshi da na tsakar ka a wurin wanda ya gada. Saiwar ba ta mutuwa farat ɗaya. Kowane zagaye sai ta fitar da gashi siriri, gajere, fiye da na baya, har ya koma kamar gashin jariri, har ya ɓace. Saiwar ƙeya da ta gefen kunne kuwa ba ruwanta da DHT, shi ya sa ko tsoho tukuf yake da abin da zai kai wa wanzami.

Nan na ga kakata ta fi abokaina ilmi. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a wannan al'amari tana kan abin da masana ke kira X, wanda ɗa namiji daga uwarsa kaɗai yake samunsa. Akwai wasu masu yawa da ke zuwa ta kowane ɓangare, saboda haka kada wani ya je ya tuhumi dangin uwarsa su kaɗai. Hula dai an zalunce ta. Da ita ce, da ba a bar mai gashi ko ɗaya ba daga Sakkwato zuwa Maiduguri.

Maganin da aka tabbatar yana aiki guda biyu ne, kuma dukansu ba don gashi aka fara yin su ba. Na farko, minoksidil, maganin hawan jini ne. Masu shan sa suka riƙa ganin gashi yana fito musu inda ba su nema ba, sai kamfanin ya mai da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988 da sunan Rogaine. Na biyu, finasterid, asalinsa ya fi ban mamaki. A 1974 wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominikan waɗanda jikinsu ba ya iya yin DHT sosai, kuma mazansu ba sa sanƙo, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji shi ma ba ya kumbura musu. Daga nan aka ƙera ƙwayar da ke toshe wannan hanya, aka fara ba da ita don ciwon ƙullutun a 1992, sa'an nan don gashi a 1997 da sunan Propecia. Sai kuma dashe, wanda likitan Japan Okuda ya bayyana a 1939, Norman Orentreich ya yaɗa shi daga New York a 1959: a ciro saiwa daga ƙeya a dasa a goshi, ta ci gaba da halinta na ƙeya. Masu hali suna zuwa Istanbul a yi musu. Wannan ban tsaya dogon karatu a kansa ba, gama kuɗin jirgin kaɗai ya fi kuɗin makarantata.

Man kaɗe, man zaitun, habbatus sauda da ruwan albasa, duk na shafa, kuma ba zan zage su ba. Man kaɗe yana tausasa fata, yana hana gashi karyewa. Amma ba ya isa inda DHT yake aikinsa.

Na koma wurin likitan bayan ƙunar ta warke. Ya gaya mini gaskiya ba rufa-rufa: duka biyun riƙe abin da ya rage suka fi iyawa, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina, cikin 'yan watanni kai zai koma inda da ma zai je. Game da finasterid ya ce kaɗan daga cikin masu sha sukan yi kukan raguwar sha'awa, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Ya ce yawancin mutane ba sa ganin kome, amma ni mai shirin aure na ji tsoro, na bar ta. Ko na yi daidai ko na yi wauta, har yau ina juya abin a raina. Na ɗauki minoksidil, safe da yamma, wata bakwai. Lalle tsakar kan ta ɗan yi duhu, goshi kuwa ko gezau. Sai 2023 ta zo, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Kaduna zuwa makaranta ya ninka, na zauna na auna kwalbar wata guda da abincin mako biyu. Ciki ya yi nasara. Kafin ƙarshen zangon karatu abin da ya tsiro ya koma, kamar yadda aka faɗa mini.

Duk wannan abin da ake ciki, yarinyar nan ta Kawo ba ta taɓa ganin kaina ba. Shekara guda da rabi ina zuwa, ko a zafin Afrilu hula tana nan daram. Amma akwai wuri ɗaya da hula ba ta da iko, shi ne wurin alwala. Wata ranar Asabar magariba ta riske ni a ƙofar gidansu, ƙaninta ɗan shekara bakwai ya kawo mini buta, ya tsaya. Na yi ta jan wanke hannu ko zai tafi, bai tafi ba. Da na zo shafar kai na ture hular, sai yaron nan ya kwasa da gudu cikin gida yana ihu, "Yaya! Yaya! Kan saurayinki irin na Baba Liman ne!" Na ji mata sun fashe da dariya a tsakar gida. Wallahi na yi niyyar in bar takalmana a nan in bi ta lungu.

Bayan salla ta fito, ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta zauna tana danne dariya da gefen mayafi. Na soma kame-kame, ta katse ni. Ta ce, "Malam, ai tun zuwanka na biyu na sani. Kakarka ta gaya wa Innarmu a gidan suna, har da labarin ƙwarya." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce abin da ya dame ta shi ne yadda na iya ɓoye mata abu shekara guda da rabi, in na iya wannan, me kuma zan iya ɓoyewa nan gaba? Ban sami amsa mai kyau ba. Na cire hular na ajiye a kan tabarma, na nuna mata tabon ƙunar, na ba ta labarin mota mai lasifika da naira dubu takwas, abin da ko mahaifina bai sani ba. Ta ce wannan kam sai ta yi tunani. Mako biyu ba ta amsa wayata ba.

A mako na uku na je gindin mangwaro na ce wa wanzami ya sa aska ya yi mini ƙwalƙwal. Ya ce, "Ɗan Malam, da ka zo tun farko ai da na rage maka kuɗi, aikin rabi ne." Da yamma na tafi Kawo, hula a aljihu, ta leƙo ta ganni, ta koma ta ɗauko tabarma.

Bayan sallar layya ta 2024 baffana ya je neman aure, kawunnaina biyu suka raka shi. Ni ban je ba, bisa al'ada, amma an ba ni labari. La'asar ta same su a can, aka kawo butoci, suka jeru a bakin zaure suka ture huluna, yaron nan yana tsaye yana ƙirgawa da yatsa. Ya shiga gida ya ce da yayarsa biyu ne a cikin uku, ya kuma tambaya ko 'ya'yanta ma haka za su zama.