Tsakanin Magariba da Isha'i a Sabonjida

Duk wanda ya shiga Tamale ta hanyar Paga da Bolgatanga, ƙarar babura ce za ta fara yi masa maraba. Haka na iske garin a shekarar 2015, sa'ad da na sauka gidan kawuna a unguwar Sabonjida. A shekarar ne ɗauke wutar lantarki, wanda mutanen Gana ke kira dumsor, ya tsananta. Masu sana'a na ta kuka, amma yaran gidanmu sun sami abin yi da duhun.

Da an idar da Magariba sai su shimfiɗa tabarma a tsakar gida su kwanta rigingine. Babbansu, ɗalibin sakandare, yana riƙe da waya mai nuna masa lokacin wucewar taurarin ɗan'adam. A dare na biyu ya ce mini, "Yaya, saura minti ɗaya. Dubi saman darbejiyar can." Sai ga wani ɗan ɗigo yana tafiya a hankali. Nan take ya kumbura da haske har ya fi Zara, ya yi 'yan daƙiƙu, sannan ya dusashe.

Inna, kakarsu, ta yi ta'awwuzi, ta ce jifan shaiɗanu ne, yara su shiga ɗaki. Kawu, wanda malami ne, bai yi mata dariya ba. Cikin ladabi ya ce, "Inna, wancan da kike nufi ƙiftawar ido ne ya wuce. Wannan kuwa yaron nan ya faɗi lokacinsa tun kafin ya zo. Ƙarfe ne, hannun mutum ya ƙera shi."

Gaskiyar Kawu ce. Ɗaya ne daga taurarin sadarwa na kamfanin Iridium, guda 66 da ke aiki a nisan kilomita kusan 780, waɗanda aka fara harbawa a 1997. Kowanne na da faifan eriya uku masu sheƙi kamar madubi, idan rana ta bugi ɗaya sai ya wurgo haskenta ƙasa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin lokacin. Tauraron ɗan'adam ba shi da fitila, aron hasken rana yake yi. Sai rana ta faɗi gare mu, alhali shi can sama tana haska shi, sannan ido ke kama shi. Wato bayan Magariba ko gab da Asuba, daidai lokacin da Musulmi ke kan hanyar masallaci. Tsakar dare kuwa inuwar duniya ta rufe yawancinsu.

A nan na koyi rarrabe su da jirgin sama: jirgi na ƙyafta fitila, shi kuwa haskensa a tsaye yake, ba ƙara. Mafi girmansu shi ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya. Daga cikinta aka saki GhanaSat-1 a 2017, wanda ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa, sai dai nauyinsa kilo ɗaya ne, ido ba ya ganinsa.

Mai niyyar kallo ya zo a ƙarshen damina. Da hunturu ya kama, hazo na cinye sararin Tamale.

Na koma Sabonjida a 2023. Walƙiyar Iridium ta ƙare tun 2019, da aka sauko da tsofaffin aka maye gurbinsu da marasa irin wannan madubi. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Ƙananan da na bari a goye su ne yanzu a kan tabarma, suna ƙirga taurarin Starlink da ke bin juna a jere kamar ayarin fatake. Sun kai ashirin da uku aka kira Isha'i, Kawu ya ce a tashi a yi alwala.