Kukan waya cikin hunturu

Duk ɗan Adar ya san kukan da wayar lantarki take yi idan iskar hunturu ta taso. Muna yara mukan manna kunne jikin poto mu saurara, waɗansu su ce aljannu ne suke zance. Sai da na shiga lise malamin fizik ya faɗa mana sunan abin, kuma har yau ina ganin ƴan kasuwa da ma'aikata sun fi ɗalibai bukatar saninsa.

Iska ko ruwa in suka tarar da abu mai siffar kara, waya ce, bututu ne ko ginshiƙin gada, sukan rabu biyu, su dinga sakin ƴan guguwoyi a bayansa, wannan gefe, wancan gefe, bi da bi. Kowace ta ɓalle sai ta ɗan ture abin. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Strouhal, ya auna wannan kuka a 1878. Von Karman ya fito da lissafin jerin guguwoyin a 1911. Wayar da kaurinta santimita 2 ne, in iska na gudun mita 5 a sakan, za ta yi rawa kamar sau 50 a sakan, wato sau dubu 180 a awa guda. Ido ba ya gani, don rawar ba ta cika wuce kaurin wayar ba. Amma ƙarfe yana gajiya. Silin wayar na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya daidai inda aka maƙale ta, ran da ta faɗo kuma sai mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara su ce ƙaddara ce.

A 1963 Fromm da Harlow, a Los Alamos ta Amurka, suka sa kwamfuta ta zana waɗannan guguwoyi. Yau injiniya yakan zana bututun, na'urar ta yayyanka iskar da ke kewaye da shi ƴan ɗakuna dubbai ko miliyoyi, ta lissafa gudu da matsin kowane ɗaki, ta matsa gaba da lokaci kaɗan, ta sake lissafi. Inda wuyar take: bututun da ya fara rawa yakan juya ya shirya guguwoyin su bi takunsa, kamar makaɗi da mai rawa da suka fahimci juna, sai kaɗawar ta yi ta ƙaruwa. Japan, duk da iliminta, ta sha wannan a Disamban 1995: ɗan bututun ma'aunin zafi ya karye a tashar nukiliya ta Monju, gobara ta tashi, tashar ba ta sake aiki ba sai 2010.

Sai dai kwamfuta ba ta san iska ba sai wadda aka faɗa mata. Abin mamaki, ba guguwar farkon damina ce ta fi cin waya ba. Iska mai sauƙi ce, mai tafiya bai ɗaya a fili marar itace, musamman da asubar sanyi, sa'ad da waya ta ɗame. To wannan ai siffar fakon Keita ce a watan Janairu. A kwarin Majiya kuwa, cikin ƙasar Buza, inda aka fara shuka layukan dogon yaro a 1975 don kare gero, itatuwa na yamutsa iskar ƙasa-ƙasa, ba ta tafiya bai ɗaya. Fadamar Tarka a Madawa ita ma da nata hali. Lissafin da aka yi da iskar wata ƙasa, ko da an buga shi da launi mai kyau, ni ban cika yarda da shi ba.

Maganin kansa ba sabo ba ne. Ku ɗaga kai ku duba manyan layuka: ƴan ƙarafan nan masu kai biyu da ke rataye kusa da poto, wani injiniya Ba'amurke, Stockbridge, ya ƙago su wajen 1925 don su shanye rawar. Lissafi ne ke faɗin guda nawa za a sa, da nisan kowane daga maƙali. A takardar kwangila layi ɗaya ne tak, irin wanda ake saurin sokewa in kuɗi sun gaza, kuma ranar karɓar aiki ba kasafai wani cikin masu sa hannu yake ƙirga su ba.