Layin da Ba Ya Ɗaukar Agogo Biyu

'Yan uwa, mu masu haɗa na'urorin sadarwa muna da doka guda: layin da bayanai ke tafiya a kansa bisa bugu ɗaya ba ya ɗaukar jagora biyu. Ku ɗauki layin E1 da ake amfani da shi a Turai da Afirka. Hanyoyi 32 ne a cikinsa, kowace na ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, kuma ƙunshin bayanai 8,000 ke wucewa duk daƙiƙa. Mai karɓa bugun agogo yake ƙirgawa ya gane inda kowane ƙunshi ya fara. Shi ya sa muke saita gefe ɗaya ya ba da bugun, ɗayan ya bi. In kowa ya kafe kan agogonsa, ƙunshi zai riƙa zamewa, bayanai su lalace, alhali fitilar na'urar kore shar.

Don haka fitila ba shaida ba ce. A na'urar Cisco, waya kan nuna tana raye amma layin a mace, don kawai wannan gefen yana magana da HDLC, wancan da PPP.

Maganinmu gwajin juyawa ne: mu sa layin ya dawo mana da abin da muka aika. In ya dawo lafiya, sai mu matsa gaba, gaɓa bayan gaɓa, har mu cimma inda ya yanke. Kafin mu ɗora wa na can gefen laifi, namu muke fara gwadawa, domin akwai mai layi a banki yana jiran kuɗinsa.