Kwana Ɗaya A Matsirgar Gurara

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin wani wuri da ke cikin ƙasarmu, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa sa shi a ido ba. Wurin nan shi ne matsirgar Gurara, watau inda kogin Gurara ya ke tsirgowa daga bisa dutse, a cikin Jihar Neja.

Sa'ad da mu ke makarantar mishan an koya mana labarin matsirgar Biktoriya ta kogin Zambezi, wadda Dokta Livingstone ya isa gare ta cikin 1855, har muka haddace zurfinta ya fi ƙafa 350. Yau kusan kowane akawu ka tambaya zai ba ka labarinta. Amma tambaye shi inda Gurara ta ke, sai ya kama sosa ƙeya, alhali kuwa in a Abuja ya ke aiki, wani sashi na ruwan famfon da ya ke sha daga kogin nan ya fito, gama an datse shi can sama cikin Jihar Kaduna, ana jawo ruwansa ta cikin manyan bututu. Wannan ne ya sa mu biyar muka yi shawara mu tafi mu gani da idonmu: akawuna uku, da malamin makaranta ɗaya, da malamin asibiti ɗaya.

Muka tashi daga Abuja ran Asabar da sassafe, cikin watan Mayu, damina tana farawa. Guzurinmu tanti biyu, da tabarmi, da gidan sauro, da fitila, da tukunya, da shinkafa, da ƙilishi, da ganyen shayi. Muka wuce ta gindin dutsen Zuma, muka yada zango a Suleja muka sayi doya. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa cikin 1828, bayan sarakunan Haɓe na Zazzau sun baro Zariya a zamanin jihadi. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin Nijeriya cikin 1976 sai aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja, don Sarki Sulaimanu Barau. Daga nan muka kama hanyar Minna har Bonu, muka ratse.

Kafin mu gangara kogi sai da muka je muka gai da mai gari, muka gaya masa niyyarmu ta kwana. Ya yi mana maraba, ya haɗa mu da wani dattijo Bagwari, manomi, wanda aka haifa a bakin kogin nan.

Tun ba mu ga ruwan ba muka fara jin rugugi, sai ka ce hadari ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa. Da muka ɓullo bisa tudu, ga kogi ya taho a shimfiɗe kan baƙin dutse mai faɗin kamar yadi 200, ya rarrabu kashi kashi, kowane kashi ya sami tsagarsa ya faɗa ƙasa wajen ƙafa 100. Inda ya faɗa ba ka ganin ruwa, sai kumfa fari fat kamar an zazzage buhunan auduga, feshi kuwa yana tashi yana jiƙa mutum tun daga nesa. Wanda ke kusa da kai in zai yi magana sai ya kai baki kunnenka. A kan hanya mun ratso dajin ɗorawa da kaɗanya, rana tana dukanmu, amma nan bakin kogi itatuwa sun haɗa kai sun yi kurmi mai duhu da sanyi, saiwoyinsu sun rurriƙe duwatsu. Ƙasa da matsirgar ruwan ya taru ya yi gurbi, sa'an nan ya lallaɓa ya nufi kudu, inda ya ke faɗawa cikin Kwara kafin a kai Lakwaja. Lalle gani ya kori ji.

Da la'asar ta yi muka shiga neman wurin kafa tanti. Akwai wani fa shimfiɗaɗɗe kusa da ruwa, ga rairayi mai laushi a gefensa, ɗaya daga cikinmu ya ce ai ba mu da makwanci da ya fi wannan. Dattijon ya girgiza kai, ya kai mu gindin wani itace da ke bayan fan, ya nuna mana busasshiyar ciyawa da ƙirare da suka maƙale a rassansa, sama da kan mutum. Ya ce, "Samari, wa ya rataye wannan a nan?"

Malamin makaranta ya ce, "Baba, ai ko gajimare babu yau."

Ya ce, "Ruwan da zai ci mutum a nan ba a nan a ke yinsa ba. Can kan duwatsun gabas a ke yi, kai kana barci."

Muka bi maganarsa, muka hau tudu muka kafa tanti. Muka hura wuta, muka gasa doya, muka dafa shinkafa, muka zauna hira. Can tsakar dare muka riƙa hango walƙiya nesa wajen gabas, amma ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Da asuba abokaina Musulmi suka yi salla, ni kuma na yi addu'ata, sa'an nan muka leƙa ƙasa. Ruwan da muka bari fari ya koma jajawur, rugugi ya ƙaru, fan nan kuwa da rairayinsa babu ko alamarsu. Muka tsaya muna kallo, ba wanda ya ce uffan.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai zuwa ya sani. Da rana ta ɗaga sai waɗansu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka dame mu da cizo a ƙafafu. Malamin asibiti ya bayyana mana cewa irin ƙudan nan a cikin ruwa mai gudu ya ke yin ƙwai, bisa duwatsu da ganyaye, shi ne kuwa ke ɗaukar tsutsar da ke kawo ƙaiƙayi da ƙulli a jiki, daga baya ta makantar da mutum. Baƙo na kwana ɗaya ba safai ta kan kama shi ba, sai wanda ya shekara da shekaru yana shan cizo, watau manoma da masunta na bakin kogi. Ya ce tun 1987 a ke ba da maganinta kyauta, sunansa Mectizan, ana rabawa ƙauye ƙauye. Saboda haka abin da mu baƙi mu ke kallo don nishaɗi, mutanen wurin sun daɗe suna biyan kuɗinsa da idanunsu.

To, jama'a, ga inda na nufa. Mu da muka yi karatun boko mun saba, in mutum ya yi wauta mu ce ya yi gwaranci, in ya kasa gane magana mu ce Bagwari ne. Wannan al'ada ba ta dace da mai ilmi ba. Mu biyar da takardun shaidarmu ba wanda ya iya karanta ciyawar da ke bisa itace, sai mutumin da bai taɓa riƙe alli ba. Wanda kuma ya ke shakka, ya ciro takardar naira 20 daga aljihunsa ya duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, wadda tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ga shawarata. In ƙarfin ruwa ya ke so ya gani, ya tafi da damina, amma ya tsaya bisa tudu, kada ya kuskura ya shiga. In wanka ya ke so, ya bari sai rani, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya janye ya yi garau, ko a sa'an nan ma ya tambayi inda ke da zurfi. Ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu saboda ƙuda. Kada ya kwana sai da sanin mai gari da masu tsaron wurin, gama dajin zamanin nan sai da lura. In zai tashi kuma ya kwashe gwangwanayensa da ledojinsa, kada ya bar wa masu wuri shara. Malaman makaranta kuwa ina roƙonsu, ran da za su koya wa yara labarin Zambezi, su fara da Gurara.

Allah ya ba mu ikon sanin ƙasarmu da girmama mutanenta, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Abuja.