Ɗanmu Mai Ƙasa Biyu

A shekarar 2006 muka yi aure. Uwargidanmu mutuniyar Maraɗi ce, mu kuwa a ƙasar Malumfashi aka binne cibiyarmu. Da cikin fari ya tsufa sai ta tafi goyon ciki wurin iyayenta bisa ga al'ada, can kuma ta sauka lafiya a 2007. Kakan yaron ya karɓo masa takardar haihuwa da Faransanci. Da suka dawo muka jefa ta cikin akwati tare da katin aure, muka manta da ita. A lokacin ba mu ga amfaninta ba, gama in za mu gaisuwa sai mu shiga mota mu bi ta Katsina da Jibiya mu ƙetare zuwa Ɗan Isa, ba wanda ya cika tambayar takardar ƙaramin yaro.

Amma zamani ya juya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Cikin watannin nan surukarmu ta kwanta ciwo, 'yarta tana kuka a nan, ba halin zuwa. Kāna a Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta sauƙaƙa mana kai da kawowa. Sai muka ga lalle lokaci ya yi da yaron zai mallaki fasfo nasa na kansa.

Nan ne gwaji ya zo. Wani maƙwabcinmu mai son mu da alheri ya ce, “Malam, kada ka fito da takardar Faransancin nan, za a ce yaron baƙo ne. Je kotu ka rantse a Malumfashi aka haife shi, magana ta ƙare.” Ba za mu ɓoye muku ba, shawarar ta shige mu. Da dare muka faɗa wa uwargida. Ta daɗe shiru, sa'an nan ta ce, “Malam, watau ɗakin mahaifiyata inda na haife shi, shi za ka rantse babu?” Muka rasa amsa. Ga mu malamin makaranta, kullum muna koya wa yara cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maimakon kotu sai muka nemi Tsarin Mulkin 1999 muka karanta. Ashe tsoron banza muke ji. Sashe na 25 ya nuna cewa yaron da aka haifa a waje, muddin ubansa ko uwarsa 'yan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Sashe na 28 kuma bai ƙwace wa irin wannan yaro matsayinsa ba don ya riƙe wata ƙasa. Tsoron maƙwabcinmu yana da asali, domin a ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1979 dole mai ƙasa biyu ya saki ɗayar bayan ya cika shekara 21. Wannan doka ta wuce, amma har yanzu tana cikin zukatan dattawa. Ita ma Nijar ta yarda da riƙon ƙasa biyu tun 2014.

Muka sa aka juya takardar Maraɗi zuwa Turanci. Muka haɗa ta da takardar shaidarmu ta ƙaramar hukuma, da lambar NIN ta yaron, da wasiƙar yardar iyaye, tun da bai cika shekara 18 ba a lokacin. Fasfo ya fito, an rubuta Maraɗi a wurin haihuwa. Da shi ya je ya gai da kakarsa, ta shafa kansa ta sa masa albarka.

Ya ku iyaye, ba mu kaɗai ke da irin wannan gida ba tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ga abin da muka koya. Katin baftisma da littafin Ekklesiya suna da daraja, amma ba su maye gurbin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ga yaran da aka haifa a nan. Ku karɓa tun yaro yana goye, gama da sanyin safiya ake kama fara. Ku lura suna da ranar haihuwa su zama ɗaya a kowace takarda, ta makaranta da ta asibiti. Kada ku rage wa yaro shekaru, kada ku sāke masa gari. Takardu biyu masu faɗin abu dabam dabam, yaron ne zai amsa tambayarsu wata rana a bakin iyaka, sa'ad da ba ma nan mu yi masa bayani.

In ya girma ya so ya zauna Maraɗi ko Malumfashi, zaɓinsa ne. Namu dai shi ne kada mu toshe masa ƙofar gidan uwarsa da hannunmu. Allah ya ba mu hikimar reno. Amin.