Sansanin Masu Saran Itace da Ya Zama Gidan Hutu

A arewacin jihar Maine ta Amurka, a kewayen tafkin Moosehead, akwai ɗakunan gungume da masu hannu da shuni daga Boston da New York kan zo su huta a cikinsu da bazara. Wasu daga cikin wuraren nan a da sansanonin masu saran itace ne. Leburori kan kwashe dukan hunturu a can, suna kwana a jere bisa gadajen katako, abincinsu wake da naman gishiri. Idan ƙanƙara ta narke, sai a tura gumagumai cikin kogi ruwa ya kai su masana'anta, kuma mutane da dama sun halaka a wannan aiki.

A 1976 aka yi turin gumagumai na ƙarshe a kogin Kennebec. Manyan motoci suka karɓi aikin, buƙatar kwana a daji ta kau. Jirgin ruwan nan Katahdin, wanda aka ƙera a 1914 kuma ya daɗe yana jan katako a tafkin, yau masu yawon buɗe ido yake ɗauka. Daga baya kamfanonin takarda suka sayar da dazuzzukansu, sababbin masu ƙasar kuwa suka lura cewa bakin ruwa ya fi itacen da ke kansa tsada. A 2005 kamfanin Plum Creek ya nemi izinin yanka filayen gidaje kusan 1,000 a yankin, aka yi shekaru ana ja-in-ja.

Ni dai ba na ƙyashin mai hutu, domin kuɗinsa ne ke hana tsofaffin ɗakunan rushewa. Abin da ke damuna shi ne hanya. Wata tsohuwar doka da Maine ta gada daga ƙarni na 17 ta ba kowa damar takawa da ƙafa ta cikin daji zuwa duk tafkin da ya wuce eka 10 don kamun kifi. Dokar tana nan, amma idan aka gina gida aka sa ƙyaure, wannan gefen ya tashi daga daji. Jikan leburan da ya sare itacen yana da haƙƙi a ruwan, sai dai kowace shekara wuraren da zai bi ya isa bakinsa raguwa suke yi.